Bandejin Baba

Ni ce na kusa sa a yanke wa Baba babban yatsa. To, ba ni kaɗai ba, akwai kurungu, akwai kuma Baba da kansa, amma in za a raba laifin gida uku, kasona ba shi ne ƙarami ba. Bara ne abin ya faru, ina da shekara goma sha biyar, kuma duk unguwarmu ta bakin ruwa a Yelwa an san ni da abu biyu, surutu da iya ɗaurin ɗankwali.

Baba masunci ne. Da birgi yake kamu, wato komar nan da ake ɗorawa a kafaɗa a wurga ta buɗe a sama ta faɗa ruwa. Duk aikin birgi a babban yatsan dama yake, shi ke riƙe bakin koma, shi ke sakinta a daidai lokacin da ya kamata. In babu wannan yatsan, Baba sai dai ya zauna a tudu yana kallon jiragen mutane.

Shi kuwa kurungu ɗan kifi ne mai baƙin hali. Ƙaya uku gare shi, in an kama shi sai ya miƙe su ya ƙi lanƙwasawa, yana gurnani kamar tsohon da aka tasa daga barcin rana. Tun kafin a haife ni Baba ke cire shi daga koma, amma rannan wani ya same shi a gindin babban yatsa, ƙayar ta karye a ciki.

Masuntan wajenmu sun yarda cewa in kifi ya ji wa mutum ciwo, to ya ci gaba da tsoma wurin cikin kogin Kwara, ruwan zai janye dafin. Haka kakana ya yi, haka abokan Baba suke yi. Saboda haka Baba ya shafa baƙin man inji a wurin, ya koma ruwa washegari. Kwana uku hannun ya zama kamar burodin da aka manta a gashi. In ya ɗaga shi zai yi wa mutum sallama, sai ka ɗauka zai kai maka naushi. Inna ce ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ko ya tafi asibiti ko ta tara mishi 'yan'uwa. Baba ya fi tsoron taron 'yan'uwa a kan allura, sai ya sa hula. Aka ce in raka shi, don ni ce mai iya karanta takardar magani.

Asibitin ƙarami ne, na likita ɗaya, a bayan kasuwa. Ɗaki uku ne da baranda mai benci biyu. Nan ake kai mu tun muna jarirai, zazzaɓi, tari, ciwon ƙafar Inna, duk can. Ban da likita, mutum biyu ke riƙe da wurin. Akwai nas, wata gajeriyar mata mai tabarau wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, amma in ta dube ka ta saman tabarau sai ka tuna duk ƙaryar da ka yi tun kana aji ɗaya. Akwai kuma mataimakinta, wani dogon mutum mai yawan dariya. Shi ke karɓar kati, ya auna nauyi, ya auna jini da zafin jiki, ya dafa almakashi, ya lallashi yaran da suka ga allura suka fara neman ƙofa. Da yake namiji ne kuma yana sa farar riga, tsofaffin unguwa Likita Ƙarami suke ce mishi. Kullum sai ya ce shi ba likita ba ne, kullum sai su ce to, Likita Ƙarami.

Da ya ga hannun Baba sai ya ja da baya kamar ya ga kada.

"Baba, wannan hannu ne ko tulu ka ɗauko mana?"

"Ɗan ƙurji na, Likita. Ka ba ni ƙwaya in tahi, ruwa na jirana."

"Ruwa ba inda za shi. Mi ka shafa nan?"

"Man inji."

"Madalla. Saura mu zuba ma fetur mu ja igiya ka tashi."

Baba ya yi dariya duk da zafin da yake ji. Nan na gane mataimakin ɗan masunta ne, daga wajen Wara, don har ya faɗi irin kifin tun kafin a gaya mishi.

Likita ya duba, ya yi allurar kashe zafi, ya tsaga wurin ya zaro guntun ƙayar. Abin da ya biyo bayanta ba zan kwatanta ba, amma sati guda ban sha kunun gyaɗa ba. Ya rubuta magani, ya ce wa nas ta riƙa wanke ciwon duk bayan kwana biyu, kuma kada hannun ya taɓa ruwan kogi har sai ya rufe. Daga nan ya koma wurin mai ciki da ke jiransa.

Nas ta yi wa Baba allurar rigakafi, ta wanke ciwon, ta cusa wani siririn ƙyalle a ciki, ta naɗe da farin bandeji. Tana yi tana bayani a hankali, cewa ramin daga ciki yake cikowa, kuma ruwan kogi yana ɗauke da ƙazantar da ido ba ya gani. Baba yana ta cewa to, to, ɗiyata, idonsa na kan ƙofa. A wurinsa an gama aiki, tunda babban likita ya cire ƙaya. Abin da ya rage naɗi ne kawai, kuma naɗi ai ko ni na iya.

Wannan tunanin ne ya kai mu ga abin da muka yi.

Lokacin ruwa ya fara janyewa, kifi ya yi yawa, kowa na dawowa da jirgi cike. Baba ya yi kwana ɗaya a gida. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa waje, ya yi wa akuya faɗa, ya gyara wa Inna yadda take jera kifi a banda, aikin da take yi tun ba ta san shi ba. Da la'asar ya kira ni bayan ɗaki.

"Uwata," ya ce, haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, kuma duk lokacin da ya tausasa kalmar na san akwai abin da yake so. "Kin ga yadda ta naɗa wanga abu?"

"Na gani, Baba."

"Kina iyawa?"

"Ni? Baba, ni ce na ɗaura wa amarya ɗankwali uku a bikin gidan maƙwabta. Wannan ai wasa ne."

Shirin ya tafi haka. Zai ce wa Inna zai bi ƙanensa cikin jirgi ya zauna kawai, don zaman gida na sa mishi ciwon kai. In sun yi nisa sai ya warware bandejin, ya naɗe shi ya sa cikin gwangwanin madara mai murfi, ya yi jifansa na birgi, ruwa kuma ya yi wa ciwon aikin da ya saba. In sun dawo, ni kuma ina jira a bayan wani tsohon jirgi da aka kife, da kayan makaranta a jikina, in mayar da bandejin yadda yake. Ladana shi ne zai gaya wa Inna hayaƙin banda na sa ni tari, a ɗauke mini juya kifi da yamma.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan banda ya san ba ƙaramin tayi aka yi mini ba. Hayaƙin nan yana shiga gashi, ya shiga littafi, har malamin lissafi ya taɓa cewa in na miƙa aikin gida yunwa yake ji. Ban yi dogon tunani ba na ce na yarda.

Zuwanmu na biyu asibiti, nas ta warware, ta duba. Ta tambayi Baba ko yana shiga ruwa. Ya ce shi da ruwa sai na alwala, shi ma da hagu. Ta dube ni. Na dubi kalandar da ke bango kamar ban taɓa ganin wata mai kwana talatin ba. Ta wanke, ta naɗa sabo, ta ce mu dawo jibi.

A hanya na ce, "Baba, mun ci." Ya saya mini rake.

Amma kullum da safe, in na zo naɗawa, ina ganin abin da ba na so. Fatar gefen ciwon ta yi fari ta tattare, irin yatsun mai wanki. Ƙyallen da nas ke cusawa ciki ya ɓace tun ranar farko, Baba ya ce kifi ya ci. Wurin ya fara wari. Na ce mishi, "Baba, kamar fa ba ya warkewa." Ya ce dafin ne ke fita. Ni kuma na tuna banda, sai na ja bakina na ƙara matse naɗin, har na yi mishi ɗan ƙulli mai kyau a gefe don ya fi zama.

Zuwa na uku ne asirinmu ya tonu, tun a baranda. Mataimakin ya sa wa Baba abin auna zafi, ya duba, dariyarsa ta ɗauke. Ban taɓa ganin fuskarsa ba dariya ba, sai na ga kamar wani mutum ne daban. Ya ja hannun rigar Baba sama. Wani jan layi ya taso daga wuyan hannu ya nufi gwiwar hannu. Mataimakin bai bi layin masu jira ba, ya kama Baba ya shigar da shi wurin nas.

Nas ta juya hannun, ta tsaya a kan ƙullina.

"Wa ya yi wannan?"

"Ke kika yi, ɗiyata," in ji Baba.

"Baba, ni da filasta nake kama bakin bandeji. Ban taɓa yi mishi kunnen zomo ba." Ta warware a hankali. "Kuma kwana biyu a hannun mutum, ko limami ne, bandeji ba ya zama fari haka."

Mataimakin ya sa yatsa ya ɗauko wani abu daga cikin naɗin ya ɗaga shi a haske. Ɓawon kifi ne, ɗan ƙarami, yana ƙyalli.

"Karfasa ce," ya ce. "Ta jiya ko ta yau, Baba?"

Ba wanda ya yi dariya. Nas ta ce wa mataimakin ya kira likita yanzu. Likita ya zo, ya danna nan ya danna can, Baba ya cije leɓe. Ya ce ciwon ya shiga ciki yana neman jijiyar yatsa. Zai sake buɗewa ya wanke, a koma allura kullum. In kwana biyu jan layin bai ja da baya ba, zai tura mu babban asibiti, kuma can ba zai yi alkawarin za a bar yatsan ba.

Na dubi yatsan. Da shi Baba ke ɓare mini gyaɗa ina ƙarama, da shi yake ja mini kunne. Nas ba ta ma tambaye ni ba, tabarau kawai ta sauke, ni kuwa na fashe. Na faɗi gwangwanin madara, na faɗi kifaffen jirgi, na faɗi banda, har raken ban bari ba. Ina kuka ina bayani, majina na taya ni. Ina jin da ta ƙara minti ɗaya tana kallona da na amsa laifin satar mangwaron da aka yi a makarantarmu tun ban shiga ba.

Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta miƙo mini auduga ta ce in share hanci. Bayan likita ya gama nasa ya fita, ta jawo kujera ta zauna gaban Baba, gwiwa da gwiwa.

"Baba, ƙarfe nawa kake fita ruwa?"

"In an sallame asuba."

"Ka dawo?"

"Hantsi."

"To daga gobe, lokacin allurarka da wankin ciwo shi ne in an sallame asuba. Kullum, har ya rufe."

"Ai ba ku buɗewa sai takwas."

"Zan buɗe."

Mataimakin ya ce shi ma ai hanyarsa ce, zai biyo da babur ya ɗauki Baba daga ƙofar masallaci. Ba hanyarsa ba ce, kowa ya san a can wajen tasha yake zaune. Baba ya ce yana da ƙafa. Mataimakin ya ce ya san yana da ƙafa, kuma ya san inda ƙafar ke zuwa in an bar ta ita kaɗai.

Sai Baba ya faɗi abin da ke ransa, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce ubansa da ruwa ya warke, kuma in ya zauna kifin nan zai wuce, gida kuma ba ya cin haƙuri. Mataimakin ya tsuguna kusa da shi, ya ce shi ma haka ya taso yana ji, kuma gaskiya ne da yawa sun warke. Amma ya ce Baba ya tuna masu sayar da goro da masu gadi a bakin ruwa, nawa ne cikinsu da can masunta ne, kuma ya dubi hannuwansu. Na ga Baba yana lissafa su a zuci, don ya san su duka.

Nas ta gama naɗi, ta manna filasta, ta ɗauki biro ta sa hannu a kai, rabi kan filasta rabi kan bandeji, yadda in an ɓare sai an gane. Sannan ta juyo kaina.

"Ke kuma, tunda kina da hannu, zo ki ga yadda ake yi."

Ta sa na wanke hannu da sabulu har sau biyu, ta nuna mini cewa ba a matse naɗi kamar ana ɗaure buhu, don jini na son hanya. Ashe ƙullina mai kyau shi ma ya taimaka wurin kumburin. Ta ce aikina daga yau shi ne in tabbata ya sha ƙwaya a kan lokaci, hannun ya kwana a kan matashi, kuma kullum da yamma in duba jan layin. Ta zana ɗan alama da biro a inda ya tsaya. In ya wuce alamar, kada in jira safe.

Abin da Inna ta yi mana da muka koma gida, wannan tsakaninmu ne. Zan dai ce tarin da hayaƙi ke sa ni ya warke a take, kuma na juya kifin da ya isa ciyar da Yauri da Shanga har da baƙinsu.

Washegari da aka sallame, babur na ƙofar masallaci. Abokan Baba na wucewa da filafilan tuƙa jirgi a kafaɗa suna cewa, "A'a, an samu direba!" Baba ya hau yana harararsu. Na bi su ranar farko, a tsakiya aka matse ni. Muka tarar nas ta riga ta buɗe, ta ɗora ruwa, ɗanta na goye yana barci a bayanta don ba ta samu mai riƙe shi da sassafe ba. Baba ya ga yaron, ya dubi ƙasa. Tun daga ranar bai sake sa an jira shi ba.

Yammacin farko jan layin na nan daidai kan alama. Na duba shi ya fi sau ashirin, har Baba ya ce in na ƙara ɗaga mishi hannu zai kai ƙarata wurin mai unguwa. Yamma ta biyu sai na ga fata tsakanin layin da alamar, kamar faɗin yatsa ɗaya. Na fita da gudu ba takalmi ina ihu ya koma, ya koma, har maƙwabta suka fito suna tambaya wa ya koma, ina ya koma.

Sauran kwanakin ba su da daɗin labari. Allura, wanki, naɗi, sa hannu da biro. Likita yakan leƙo ya duba ya gyaɗa kai ya wuce. Nas ce ta ga ramin yana cikowa kaɗan-kaɗan, ita ce ta lura Baba na ɓoye yatsan ba ya motsa shi don tsoron zafi, ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Mataimakin kuma shi ya san ranar da Baba ya tashi da baƙin rai, sai ya bi da shi ta bakin ruwa a kan babur, su tsaya su ga jirage na shigowa, su yi gardama a kan wa ya iya jifa wa bai iya ba. Ƙanen Baba ya riƙa fita da wani ɗan maƙwabta, abin da aka samu aka raba. Miyarmu ta yi ruwa-ruwa a watan nan, amma ba mu kwana da yunwa ba.

Ranar da nas ta cire bandeji na ƙarshe, wurin ya rufe, sai tabo mai kama da ƙugiya. Yatsan na lanƙwasawa, amma bai kai yadda yake a da ba, kuma ta gaya mishi gaskiya cewa wataƙila ba zai kai ba. Ta ce ya ƙara kwana uku, sannan ya gwada.

Safiyar da ya koma ruwa na tsaya a gaɓa da jakar makaranta. Bai yi nisa ba, ina ganinsa sarai. Ya miƙe a gaban jirgi, ya ɗora birgi a kafaɗa, ya juya ya saki. Komar ta tafi a karkace ta faɗa ruwa a dunƙule kamar an jefar da wanki. Wani daga cikin abokansa ya yi shewa. Baba ya jawo ta a hankali, ya tsaya yana duban yatsan, ya sauya yadda ya riƙe bakin komar, ya ɗan tura ta cikin tafin hannu. Jifa na biyu ma bai yi kyau ba. Na uku ta buɗe gaba ɗaya, da'ira cikakkiya, ta sauka a kan ruwa da ƙarar nan da na sani tun ina goye.

Na yi tsalle har jakata ta buɗe, littafin lissafi ya faɗa cikin laka. Baba bai waiwayo ba, yana can yana jan igiya. Na tsaya na ga jifa na huɗu da na biyar don in tabbata, sannan na kwasa da gudu. Na isa makaranta an gama taron safe, aka sa ni sharar gaban ofis ni kaɗai, ina yi ina waƙa har malamin da ke tsaron masu latti ya tambaye ni ko lafiya nake.